Katifar Iskar da Na Ara wa Malam Kallamu

Ranar Talata ce, saura kwana biyu a ɗauki azumi, ruwa kuma tun daren Lahadi bai ɗauke ba. Irin ruwan Fatakwal ne, wanda ba ya zuwa da tsawa, sai dai ya yi ta zuba siriri har bango ya fara tsattsafo da ruwa, ashana ta ƙi kamawa. A cikinsa motar albasa ta sauke Malam Kallamu a bakin layinmu, bayan Kasuwar Creek Road, da jakar fata ɗaya da buta da wata laima mai karyayyen ƙarfe.

'Yan albasa ne suka aika a ɗauko shi daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja. Limaminmu ya rasu bayan Babbar Salla, masallacin layin ya yi watanni kowa na jan salla. Alhaji Abdurrahim, shugaban 'yan albasar, ya ce in Malam ya ja asham ɗin bana jama'a suka gamsu, limanci ya zama nasa, a ɗauko masa iyalinsa. Malam ya haura sittin, bai taɓa tsallake Lakwaja ba sai ranar. Ambaliya ta cinye masa gona shekara biyu a jere. Limancin nan shi ne abin da ya rage masa, kuma kowa a layin ya sani.

Ni sunana Aslam. Daga aji biyu na sakandare na bar makaranta, na bi motar shanu zuwa Inugu, na ja keke a unguwar Abakpa shekara guda, na koma Anacha dako, daga can na gangaro Fatakwal sauke albasa. Ba na daɗewa a wuri. Amma ɗakin da ke jikin masallacin nan wata takwas na yi a cikinsa, kuma shi ne ɗaki na farko da na taɓa rufewa da kwaɗona.

Alhaji bai ko ja ni gefe ba.

"Aslam, kwashe tarkacenka, Malam zai shiga. Ka koma baranda wajen su Auta."

Na kwashe. Da la'asar ina alwala a bakin famfo, mutane cike da wurin sun zo gaida baƙo, sai na ji murya a kaina.

"Kai yaro, sake."

Na ɗago. Malam Kallamu ne.

"Diddigenka bai jiƙa ba. Sake. Shekararka nawa?"

"Ashirin da huɗu, Malam."

"Ashirin da huɗu, ga gemu, alwala ta gagare ka? To sallar wa kake ta yi duk shekarun nan?"

Aka kwashe da dariya. Auta, abokin aikina, har da riƙe ciki. Malam ya tsaya a kaina na sake tun daga farko, yana nuna min da tsinin laimarsa. Kafin magariba 'yan dako sun daina kirana Aslam, sai Diddige.

Da aka zo maganar shimfiɗa, ba a tanadi komai ba sai tabarma. Alhaji ya ce tsoho ba zai kwana a kan siminti cikin wannan sanyin ba. Ni na ce ina da katifa.

Katifar iska ce, shuɗiya, ta roba, irin wadda masu kwana a daji ke hurawa. A gwanjo na saye ta a Anacha. Daren farko da na kwanta a kanta na tashi na tarar da bayana sharkaf, ƙarƙashinta kuma ruwa kwance. Na yi kwana biyu ina jin kunyar kaina kafin na koma wa ɗan Ibon da ya sayar min. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce iskar cikinta sanyin siminti take ɗauka, jikin mutum kuma da zafi, sai ta yi gumi kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firji. Ya ce in shimfiɗa kwali a ƙasa, bargo a sama, in bar taga a buɗe. Tun daga ranar ba ta sake jiƙa ni ba.

Na hura wa Malam ita da kyau. Na kwashe kwalayen, na naɗe bargon na fita da shi. Na ja tagar na sa sakata.

"Allah gafarta Malam, kada a buɗe tagar nan. Sauron garin nan ba irin na gida ba ne."

Ya danna katifar da tafin hannu, ya yi murmushi kamar yaro.

"Ikon Allah. Mutum ya kwanta a kan iska. Allah ya yi maka albarka."

A lokacin abin da nake so bai wuce ya tashi a jiƙe ya ji haushi ba.

Washegari da hantsi na leƙa. Ya ɗaura igiya a cikin ɗakin, wando da riga na ɗiga. Bai shanya a waje ba. Ranar Alhamis, azumi ɗaya, haka. Ranar Juma'a ina wucewa da buhu a kai ya kira ni.

"Aslamu, ajiye ka zo. Rufo ƙofar."

Yana zaune a bakin katifar, idanunsa sun yi ja.

"Kai ɗana ne, ko jikana. Tun da na sauka garin nan mura ta toshe min hanci, ko turare ba na ji. Ka ji tsoron Allah ka gaya min gaskiya. Sansana wannan."

Ya miƙo min wandon da ya kwana da shi. Na kai hancina. Babu komai sai warin roba da ɗan ƙamshin sabulu.

Na kau da kai.

"Faɗi mana."

"Fitsari ne, Malam."

Ya rufe ido. Ya yi salati a hankali, ya sake yi.

"Tun ina shekara huɗu rabona da wannan. Tsufa ke nan." Ya dube ni. "Ka rufa min asiri. Zan koma tabarma, kada in ɓata maka katifa."

"A'a Malam, gara robar. Ita ana wanke ta. In ya ratsa tabarma ya bi siminti, ai bango ɗaya ne da masallaci."

Ya ce na yi tunani mai kyau. Daga ranar kullum da safe sai ya wanke katifar da ruwa a cikin rufaffen ɗaki, ɗakin ya ƙara laima, katifar ta ƙara gumi.

Mutum ɗaya na gaya wa. Auta ne, a teburin mai shayi bayan shan ruwa, lokacin da ya ce, "Diddige, miƙo siga." Na ce masa ya bar ni da diddige, ya je ya tambayi limaminsu me ya sa wandonsa ba ya ganin rana. Auta ya kusa ƙwarewa da shayi.

Kwana biyu ya ishi maganar ta zaga layin. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda rabin Hausarsu Turancin buroka ne, su ma suka koyi kalmar amalala, suna faɗa in ya wuce su ruga. A gida in yaro ya cika fitsarin kwance kwaɗo ake ɗaura masa a ƙugu. Wata safiya Malam ya buɗe ƙofa ya tarar da kwaɗo ɗaure da zare a jikin sakata. Da hannunsa ya kwance shi, ya kai shi bakin kwata ya sake.

A sahu kuwa sai ka ga mutum na ja da hanci. Wani ya daina tsayawa daidai bayansa. Karatunsa na da daɗi, wannan ba wanda ya musa, dattawa har kuka suke yi a asham. Amma akwai Saifullahi, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ya yi shekara uku a wata Islamiyya a Zariya, kuma shi ke yawan jan salla kafin zuwan Malam. Shi ya tayar da maganar a shagon Alhaji.

"Kawu, ni ba ƙin sa nake ba. Amma malamai sun ce wanda fitsari ke kufce wa bai kamata ya ja masu lafiya salla ba."

"Ai a barci ne aka ce," in ji Alhaji.

"Wanda ya kufce masa yana kwance, wa ya san abin da ke faruwa in ya yi ruku'u? Azumin mutane ne fa, Kawu."

Alhaji ya ce a dai ƙara haƙuri.

Malam kuwa ya samo wa kansa magani. Ya daina shan ruwa. In an kira magariba dabino ɗaya da kurɓi uku. Sahur a bushe yake yin sa. Mero mai abinci, wadda Alhaji ya sa ta riƙa kai masa buɗa-baki, ita ta fara lura. Bazawara ce, haifaffiyar Fatakwal, bakinta ba ya shiru.

"Kai Diddige, wannan Malamin naku raƙumi ne? Kullum kununa dawowa yake yadda na kai shi. Ko tsamiyar ce ba ta yi masa ba, ya faɗa min."

"Tambaye shi mana, Yaya Mero."

"Ina zan iya? Ko ido ba ya haɗawa da ni."

Ya rame. Leɓensa ya tsage, muryarsa ta dushe, tafsirin la'asar da yake kaiwa awa ya koma minti ashirin. Da safe kuma katifar na nan a jiƙe, daidai inda bayansa da ƙugunsa suka kwanta. Ya ce min, "Aslamu, ban sha ba, daga ina yake fitowa?" Na ce masa wataƙila sanyin garin ne ya kama masa mara. Ya sa na sayo masa jiƙo wajen wani mai magani. Na sayo.

Ba zan ce ban ji komai ba. Akwai ranar da na ɗauko kwalayen har na kai bakin ƙofarsa. Sai na tuna in katifar ta bushe rana ɗaya zai tambayi dalili, kuma yanzu babu mai ce min Diddige sai Mero, kowa ya samu abin dariyar da ya fi ni. Na mayar da su baranda.

Daren sha ɗaya ga wata, a raka'a ta shida ta asham, ya ɗago daga ruku'u bai ƙarasa miƙewa ba ya tafi gefe ɗaya. Kansa ya bugi katakon mumbari. Aka sallame salla, aka yi kansa. Ana ɗaga shi na ga wani ɗan dako ya sunkuya ya shafa dardumar liman da hannu.

"A bushe take," ya ce, kamar an cuce shi.

Saifullahi ya shiga gaba ya ƙarasa sallar.

A wani ƙaramin asibiti aka kwantar da shi. Likita ya ce babu ruwa a jikinsa ko kaɗan, ƙodarsa ta fara taɓuwa, ya tambayi wa ya hana tsohon nan sha. Aka ɗaura masa ruwa leda shida, aka hana shi azumi.

A kwana na biyu Mero ta karɓi makulli don ta kwaso kwanukanta. Ina sauke albasa ta zo ta tsaya a gaban motar, hannu a ƙugu.

"Sauko."

Na sauko.

"Katifar can taka ce?"

"Tawa ce."

"Ina kwalin da ake sa mata a ƙasa?"

Na juya ina kallon buhunan albasa.

"Mijina marigayi a jirgin ruwa ya yi aiki, irinta biyu ya bar min. Ko kare ka kwantar a kanta a kan siminti, da safe a jiƙe zai tashi. Wata takwas kana kwana a kanta, kada ka ce min ba ka sani ba. Na sansana ɗakin nan kusurwa huɗu, ba fitsari ba dalilinsa. You no dey fear God? Ba ka tsoron Allah? Tsoho, baƙo, da azumi a bakinsa!"

"Yaya Mero, ni aro na ba shi."

"Aro! Allah ya isa, aro!"

Ta wuce shagon Alhaji kai tsaye, ni kuma na bi ta daga nesa don in ji. Ta zayyana masa komai, har da kwalbar lemo, kamar ita ma wajen ɗan Ibon nan ta ji. Alhaji ya saurara yana jan carbi.

"Katifa ta yi gumi? Roba?"

"Alhaji, bangon shagonka ma gumi yake yi. Shafa ka ji."

Ya shafa. Ya dubi hannunsa. Ya goge a riga.

"To ko da gaskiyarki, Mero, yara sun riga sun sa masa suna. Ya za a yi mutum ya tsaya gaban jama'a ana danne dariya a bayansa? In tara mutane in ce musu me, katifa ce ta yi fitsarin? Ga Saifullahi yana ja, ba wanda ya yi ƙorafi."

"Ɗan ƙanwarka."

"Je ki ɗora tukunyarki, la'asar ta yi."

Ranar da aka sallamo Malam, Mero ta aje kunya ta shiga ɗakin, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaya masa. Ya saurare ta har ta gama. Sai ya aika a kira ni.

Na same shi a zaune a kan katifar, kansa da filasta. Ya zama kamar kara.

"Aslamu, baiwar Allah nan ta zo da wata magana. Ta ce wai shimfiɗar ce. Na san sutura take so ta yi min, Allah ya saka mata. Amma kai ka sansana da hancinka. Ka faɗa a gabanta, don hankalinta ya kwanta."

Mero ta zuba min ido. Malam ma. A idonsa na ga yana so in ce ƙarya na yi, yana so ƙwarai, kuma na san in na faɗa zai yafe min kafin in rufe baki. Amma Alhaji ba zai yafe ba, su Auta ba za su yafe ba, duk wanda ya yi dariya zai nemi wanda zai ɗora wa, kuma ni ne.

"Malam, abin da na ji shi na faɗa."

Mero ta miƙe.

"Baba, ka kwana a tabarma yau ɗaya. Yau ɗaya kawai, ka gani."

"'Yata, bango ɗaya ne da masallaci. Ba zan gwada da ɗakin Allah ba."

Ta fita tana kuka, ta tofar da yawu a gaban ƙafata.

Bayan azahar ya roƙi Alhaji a ba shi minti biyu. Ya tsaya a gaban sahu, yana dafe da bango. Ya ce abin da ake faɗa a kansa gaskiya ne, lalura ce ta tsufa, kuma ya yi kuskure da bai faɗa tun ranar farko ba, kwaɗayin zama ne ya hana shi. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa wajen tsarki, amma ba shi da tabbas, don haka duk wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya rama farillan da ya bi shi na kwana goma sha uku, zunubin na wuyansa shi kaɗai. Ya nemi gafarar kowa. A bayan masallaci wani yaro ya yi kukan kwaɗo, uban ya make shi, mutum biyu uku suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa.

Washegari da safe motar albasa za ta koma Arewa ba kaya. Ni na ɗaukar masa jaka. Ya wanke katifar, ya sace iskarta, ya naɗe ta tsaf ya miƙo min.

"Na wanke ta sau bakwai. In ranka bai kwanta da ita ba ka yar, ka yafe min." Ya dafa kaina. "A garin nan kai kaɗai ka dube ni ka gaya min gaskiya. Allah ya ba ka 'ya'ya masu yi maka yadda ka yi min."

Direba ya ce amin. Yaron mota ya ce amin. Suka dube ni, na ce amin.

Ɗakin bai dawo hannuna ba, Saifullahi aka ba, ya sa aka kawo masa gado na katako. Mero ta daina sayar min da abinci, ta kuma bi layin gida-gida tana faɗa. Wasu suka yarda, wasu suka ce tsohon da bakinsa ya amsa. Waɗanda suka yarda ba su ce min komai ba, sai dai in na zauna a benci su tashi. Kafin Ƙaramar Salla na tattara na koma Anacha.

A can, wajen wata bakwai bayan haka, na haɗu da direban da ya kai shi. Ya ce ya biya ta ƙauyen sau ɗaya. Malam na nan da rai, ƙafafunsa a kumbure, ciwon ƙodar bai sake shi ba. A gida shimfiɗarsa ba ta taɓa jiƙa ba, ya ce addu'a ce Allah ya karɓa, amma ba ya yarda ya ja ko mutum biyu salla. Labarin ya riga shi isa ta bakin 'yan albasa. A sahun ƙarshe yake tsayawa, kusa da ƙofa.

Abin da aka rasa ke nan. Malam ya rasa limanci ɗaya, da azumi goma sha tara da likita ya hana shi, da lafiyar ƙodarsa, da almajiran ƙauyensu bakwai cikin goma da iyayensu suka janye. Matarsa da 'ya'yansa huɗu ba su zo Fatakwal ba. Mutum talatin da wani abu suka rama sallar kwana goma sha uku da ba ta ɓaci ba. Ni na rasa ɗaki ɗaya da gari ɗaya.